DARASI: Tsaron jama'a da rufin asirin bawa a zamanin na'urorin shaida

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin fili da ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa musulmi, a yau hukumomi suna ɗaukar hoton fuskar mutum da zanen yatsunsa su zuba cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin su ba shi fasfo ko katin shaida. Mu ma a Nijar da haka aka yi rajistar masu zaɓen 2020. Shin wannan yana cikin binciken sirrin mutane da shari'a ta hana? Amsar tana kan asali biyu.

Asali na farko: rubuta sunayen jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Buhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a rubuta masa waɗanda suka musulunta, aka rubuta maza 1500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani domin kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Sanin wane ne wane yana hana ɗan damfara sakaya kansa da sunan wani, yana hana cin albashin mamaci.

Asali na biyu: Allah ya haramta tajassusi a Suratul Hujurati, aya ta 12, ya haɗa shi da mummunan zato da giba. A Suratun Nuri, aya ta 27, ya hana shiga gidan wani sai da izini. Malam Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan hijira, ya bayyana cewa ko mai hisba ba ya tona abin da yake ɓoye, sai idan ana tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar amintacce ya ba shi labari wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Ke nan bincike lalura ce, ita kuwa lalura ana auna ta gwargwadonta.

Mu ɗauki darasi daga ƙasar Indiya. A 2009 gwamnatinta ta kafa tsarin Aadhaar: kowane mutum ana ɗaukar zanen yatsunsa goma da ƙwayar idanunsa biyu da hoton fuskarsa, a ba shi lamba mai alƙalami 12. Fiye da mutum miliyar guda suka shiga. Talakan da bai taɓa mallakar takarda ba ya sami abin buɗe asusun banki. Amma illa ta biyo baya. Manoma da leburori waɗanda aikin ƙarfi ya shafe zanen yatsunsu, na'ura ta riƙa ƙin gane su, har wasu suka rasa hatsin tallafi. A Janairun 2018 wata jarida ta bayyana cewa da rupi 500 wakiliyarta ta sayi hanyar duba bayanan mutane. Kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 2017 cewa sirrin mutum haƙƙi ne na asali, sa'an nan a 2018 ta bar tsarin domin rabon tallafi da biyan haraji, ta hana tilasta shi wajen banki da layin salula.

Mafi muni shi ne abin da ya auku a Ruwanda. Tun mulkin Turawan Beljika ake rubuta ƙabilar mutum a katin shaida. Da kisan kiyashi ya tashi a 1994, katin nan aka riƙa dubawa a shingayen hanya ana zaɓen wanda za a kashe. Bayanin da aka tara yau, ba a san hannun da zai faɗa gobe ba. Kuma makulli idan ya ɓata ana sake wani, amma yatsa da ido ba su da madadi.

Saboda haka halaccin wannan aiki yana da sharuɗɗa huɗu: a karɓi abin da bukata ta kai gare shi kawai; kada a yi amfani da shi ga abin da ba domin shi aka karɓa ba; a tsare shi tsaron amana; kuma kada kuskuren na'ura ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, sai dai doka ba ta tsare kanta, sai da masu tsoron Allah.

Kai ma'aikacin da aka zaunar gaban na'ura, sunayen nan amana ce a wuyanka. Sayar da su ko leƙa su domin biyan bukatar wani ha'inci ne. Kai kuma ɗan uwa, kada ka ba wanda ba ka sani ba hoton katinka, kada ka yi wa wani rajistar layin salula da sunanka, domin in ya yi ta'asa da shi ƙofarka za a fara bugawa. Kada kuma ka yi ƙarya wajen rajista, ko a suna ko a shekaru, domin ƙarya ga takarda ƙarya ce.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya sa shugabanninmu su riƙe amana. Wallahu a'alamu.