Tashe Ba Ya Dawwama: Wasiƙar Nasiha ga 'Yan Matan Anka, Gummi da Bukkuyum



Sana'ar fim ɗin Hausa ta kafu ne a Kano, inda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma har gobe can ce cibiyarta, sai Kaduna da Jos. Yammacin Zamfara kuwa ƙasar 'yan kallo ce. Ranar kasuwar Gummi ko a tashar motar Anka, yarinya kan miƙa wa mai cajin waya memorinta ya tura mata fim, ta ga jaruma cikin leshi da gwal, ta ɗauka kullum haka take. Abin da waya ba ta nunawa shi ne yadda ake biyan aikin da inda masu shi ke ƙarewa.

Abu na farko, tashe gajere ne. Lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito, ba gidan da ba a san Fati Muhammad ba, amma kafin a je ko'ina wasu fuskokin sun karɓe kasuwa, domin furodusa kullum sabuwar fuska yake nema. A al'adar masana'antar, jaruma takan bar fim idan ta yi aure. Idan auren bai ɗore ba ta dawo, sai ta tarar an maye gurbinta, ba abin da ya rage mata sai fitowa a matsayin uwa.

Na biyu, kuɗin ba su kai sunan ba. Ana sallamar ɗan wasa ne sau ɗaya, ko fim ya shekara goma ana kallonsa, kuma babu fansho. A 2022 Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta idan ta yi aiki, alhali ta tsufa a harkar. Maganar ta tayar da ƙura, wasu furodusoshi suka musanta, amma ta buɗe idon jama'a. Mawaƙiyar fim ta fi shiga uku: ita ke raba dare a situdiyo, jaruma ke motsa baki a kan muryarta ta kwashe farin jinin.

Na uku, kuskure ɗaya kan rufe ƙofa. Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, 'yan fim kuma na da ƙungiyarsu ta MOPPAN, wadda ta kori Rahama Sadau a watan Oktoban 2016 saboda bidiyon wata waƙa. Rahama ba ta durƙushe ba, domin ta shiga fina-finan Kudu, ta shirya fim ɗinta Rariya, ta kuma kammala digiri a Sayifurus. Wadda ba ta da irin wannan madogara gida za ta komo, a Zamfara, jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999, inda sunan ɗiya mace ya fi komai saurin ɓaci.

Waɗanda suka daɗe ana damawa da su, kowace na da abin da ta riƙe. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, malamar makaranta ce kafin ta fara fim, ta kuma ci gaba da aiki har rasuwarta a watan Afrilun 2024. Hadiza Gabon ta kafa gidauniyar taimako, ta buɗe shirin hira nata na kanta a YouTube. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, ta fitar da waƙoƙi da sunanta, tana kuma wasa a bukukuwa. Tun kafin su akwai mawaƙiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda jarinta ƙwarya ce kife a kan ruwa da 'yan amshinta. Ba ta jira kowa ya ba ta aiki ba, matan cikin gida ne kasuwarta, ta yi ta kiran su da su kama sana'a har ta rasu a 2013.

Saboda haka, wadda Allah ya ba murya ko baiwar wasa, ta fara gama karatunta na boko da na Islamiyya, ta koyi ɗinki ko kasuwanci. Kada ta bar gida sai da yardar iyaye da sanin wanda zai tsaya mata a can. Duk mai kiran kansa furodusa a waya, yana neman kuɗin rajista ko hoton da bai dace ba, macuci ne. Ta san nawa za a biya ta kafin a ɗora kyamara, a kuma rubuta. Abin da ta samu ranar tashe ta mayar da shi fili ko jari, ba sutura ba, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Iyaye su ma su zauna da 'ya'yansu su faɗa musu gaskiyar harkar, tun kafin wani baƙo ya yi musu daɗin baki.