Ƙafewar Ruwan Jiki da Yadda A Ke Tsare Ta

Wannan ɗan littafi an shirya shi domin magidanta da matan gida na ƙasar Ɗanbatta, tun daga cikin gari har ƙauyuka irin su Ajumawa da Sansan da Kore. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman mata, don su ne ke kwana da masu ciwo.

Ruwan da ke cikin jiki

Jikin mutum yawancinsa ruwa ne. In an raba nauyin babban mutum kashi 10, kamar kashi 6 ruwa ne. Na jariri ya fi haka, ya kan kai kashi 7. Daga cikin ruwan nan akwai jini, wanda a jikin babba bai fi kamar lita 5 ba, watau ledar ruwan sha goma ke nan ta rabin lita. Ka ga ba shi da yawa. Ba kuma ruwa ba ne zalla, akwai gishiri a cikinsa. Wanda gumi ya taɓa shiga bakinsa a gona ya san haka.

Duk wanda ya ga lambu a bakin madatsar ruwa ta Tomas zai gane aikin jini da sauƙi. Zuciya ita ce injin ban ruwa, jijiyoyi su ne hanyoyin ruwa, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta su ne fangaloli. Inji komi kyaunsa, in ruwan da ya ke ja ya janye, sai ka ji yana ƙara amma ba abin da ya ke turawa. Haka zuciya ta ke.

Kullum ruwa yana fita daga jiki ta fitsari da gumi da numfashi da bayan gida, kamar lita 2 ko fiye, a bazara kuwa ya ninka. Mu kan mayar da shi da sha da ci. Allah Ya sa wa jiki masu gadi biyu. Na ɗaya ƙishirwa. Na biyu ƙoda, wadda in ta ji ruwa ya ragu sai ta riƙe shi, fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja. Saboda haka fitsari ma'auni ne da kowa ke da shi a gida, ba sai an saya ba.

In ruwa ya fita fiye da yadda a ke mayarwa

Abin da ya fi jawo wannan a ƙauyukanmu shi ne gudawa, sa'an nan amai da gudawa, watau kwalara. Cutar nan ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, tun daga sa'an nan kuwa ta kan tashi lokaci lokaci, galibi da damina, in ruwa ya wanke ƙazanta ya zuba a rijiyoyi da kududdufai. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kano kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mai kwalara ya kan zubar da ruwa har lita guda a awa ɗaya. Shi ya sa za ka ga ƙato ya je kasuwar Lahadi lafiya lau, kafin asuba an rasa shi.

To, ga yadda abin ke tafiya a ciki. Ruwan da ke fita ta hanji daga jini a ke ɗibarsa. Da jini ya ragu sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbi. Jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa su tsuke, a tura ɗan jinin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, kamar yadda mai lambu kan toshe fangalolin gefe ya ba na tsakiya in ruwa ya yi wuya. Wannan ne dalilin da ya sa hannuwan mai ciwon ke yin sanyi ƙarara ko da rana tsaka. In ba a mayar da ruwan ba, dabarar nan ta kan ƙare. Jini ya yi ƙasa, bugun jijiyar hannu ya yi sauri kuma da ƙyar a ke jinsa, fitsari ya tsaya, mutum ya rikice ko ya suma. Mai ciwo in ya kai nan, ransa yana kan siraɗi, ba kuwa gudawar ce za ta kashe shi ba, rashin ruwan ne.

Ku lura da alamu tun da wuri: baki ya bushe, idanu su zurma, yaro ya yi kuka ba hawaye. Ku ɗan tsunkuli fatar cikinsa ku sake, in ta daɗe ba ta koma ba, ruwa ya tafi. Ga jariri kuwa maɗiga ta kan faɗa.

A nan sai mu tsaya kaɗan, don an daɗe ana kuskure. Kakanni su kan ce ciwon maɗiga ne, a aske kan a shafa magani. Maɗiga ba ta da ciwon komi. Ta faɗa ne don ruwa ya ragu, kamar yadda salka kan motse in ta ƙafe, kuma da an shayar da yaro sai ta taso da kanta. Haka nan masu cewa ai haƙori ne, a bar shi zai wuce. Ko ma mene ne mafarin gudawar, ruwan da ya fita sai an mayar. Mafi muni duka shi ne hana mai gudawa sha wai don gudawar ta tsaya.

Ruwan gishiri da sukari

Ruwa zalla bai isa ba, don gishiri ma ya fita. Likitoci sun gano cewa hanji, ko yana cikin ciwo, in ya sami sukari da gishiri tare sai ya tsotse su, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, ruwan ƙari na allura ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa shayar da su wannan haɗi. Da ma kamar mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

Abin da ya fi shi ne ƙullin ORS da a ke samu a asibiti da kantin magani. A zuba ƙulli ɗaya cikin ruwa mai tsabta gwargwadon da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita guda. In babu shi, a sami ruwan da aka tafasa ya huce lita ɗaya, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Gishiri in ya yi yawa yana yi wa yaro lahani, kada a ce a ƙara don ya fi ƙarfi. Wanda ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan kaɗan. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iyakar abin da zai iya. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Kada a daina ba da nono, kada a hana kunu ko koko. A nemi ƙwayar zinc a ba yaro kwana 10 zuwa 14, tana rage tsawon ciwon. Mai azumi in ciwon ya same shi ya sha, ya rama daga baya, Shari'a ta yi masa sauƙi.

Zubar jini

Hanya ta biyu da jini ke raguwa ita ce ya zuba shi kansa, ko a haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Daura, ko saran gatari, ko wajen haihuwa. Babban mutum in ya rasa kamar lita guda, alamun nan da muka faɗa sai su fara bayyana. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa, kada a zuba ƙasa ko toka. Mai jego in jini ya jiƙa zani ya ƙi tsayawa, a murza mararta har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, a nemi mota nan take. Kada a jira mai gida ya komo daga kasuwa. Ya kyautu tun ciki yana wata bakwai ya bar izini da kuɗin mota a hannun wani.

Wanda hannuwansa suka yi sanyi, ko ya kasa sha, ko hankalinsa ya gushe, ko ya yini ba fitsari, maganinsa ya wuce gida. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa bisa matashi, a lulluɓe shi. Kada a ɗura wa wanda ya suma komi a baki, sai ya shaƙe. A kai shi Babban Asibitin Ɗanbatta ko asibitin da ya fi kusa, a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya. Mai gudawar da ke iya haɗiya a tafi da ruwan gishiri da sukari a buta, ana ba shi a hanya. In kuwa jini ne ya zuba, 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya su bi motar, don mai yiwuwa a bukaci su ba da nasu.