Me ya sa yunwa ke ƙaruwa bayan an rage ƙiba?

Tambaya: Likita, a Badarawa nake. Na matse cikina wata uku har na sauke kilo 8, sai yunwa ta taso mini ba dare ba rana, ƙibar kuma ta dawo. Yanzu an kawo mini wasu ƙwayoyi, an ce leftin ne, suna kashe yunwa. In saya?

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Kuma ki daina zargin kanki da kwaɗayi, domin yunwar nan daga jiki take, dalilinta kuwa a jikin ɓeraye aka fara gano shi.

A shekarar 1949, a cibiyar bincike ta Jackson da ke Amurka, aka haifi wasu ɓeraye da ba su san ƙoshi ba. Ci suke yi har nauyinsu ya kai ninki uku na 'yan'uwansu. Wani masani, Douglas Coleman, ya haɗa jikin irin wannan ɓera da na lafiyayye yadda jininsu zai gauraya, sai mai ƙibar ya rage ci, ya fara ramewa. Ke nan akwai wani abu a jinin lafiyayyen da shi ya rasa. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon da ke samar da wannan sinadari, wato leftin.

Abin mamaki, kitse ne da kansa yake haɗa shi. Yakan bi jini ya isa wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa wanda ke lura da ci, ya shaida masa yawan ajiyar da ke jiki, kamar mai tsaron rumbu yana gaya wa maigida abin da ya rage. Da kika sauke kilo 8, leftin ɗinki ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an shiga fari. Sai ta ƙara miki yunwa, ta kuma sa jiki ya yi tsimin ƙarfin da yake ƙonawa.

To me zai hana a ƙara leftin a jiki? Ɓerayen nan allurar leftin ta rame da su, gaskiya ne. Haka ma yaran da ake haifa babu shi, irin biyun da likitocin Kambirij a Ingila suka gano a 1997, allurar tana yi musu aiki sosai. Amma irinsu ƙalilan ne ƙwarai a duniya. Yawancin masu ƙiba leftin ya yi musu yawa ma, ƙwaƙwalwar ce ba ta jin saƙon yadda ya kamata, shi ya sa allurar ba ta taɓuka musu abin kirki ba da aka gwada. Balle ƙwaya: leftin furotin ne, in aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi tun bai kai jini ba. Abin da ke damuna shi ne wasu kayan rage teɓa maganin zawo ne ko na fitsari, ruwan jiki suke zubarwa, suna kuma iya taɓa ƙoda.

Ki sauka a hankali, kamar rabin kilo a mako. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki ya isa ya sassauta suga da hawan jini. Ki rage malmalar tuwo, ki ƙara miyar ganye, wake, ƙwai, kifi da kwaɗon zogale, don sun fi riƙe ciki. Lemon kwalba da zoɓo mai suga su za ki fara sallama. Barci ma kada ki raina shi, ƙarancinsa yana rage leftin ya taso da yunwa. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ko cikin unguwa bayan asuba ko a Dandalin Murtala tare da wata 'yar'uwa, ita ce ke taimakawa kada ƙibar ta dawo.

Kafin ki soma, ki je asibitin unguwa ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a auna miki suga da jini, ki kuma tafi da duk magungunan da kike sha, domin wasu, irin su masu sitiroyid, suna sa ƙiba.