Gasar Gyaran Hoto Tsakanin Abokai

Wannan tambaya ta fito ne daga wani matashi mai sauraren shirinmu a Talata Mafara, jihar Zamfara. Ya ce shi da abokansa na Bakura da Maradun kan yi gasar gyaran hoto a waya, to yaya za su riƙa yi wa juna gyara ba tare da an ɓata ba?

Madalla da wannan tambaya, Malam. Gyaran hoto sana'a ce babba. Tun shekarar 1990 kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, yau kuwa ga Snapseed da PicsArt a tafin hannunku.

Shawara ta farko, kowa ya yi aiki a kan hoto guda. A ce hoton madatsar ruwa ta Bakalori da yamma. Idan abokinka ya ƙara kwalekwale a kan ruwan, duba inuwa. Rana tana yamma, inuwar kwalekwalen ta faɗi gabas? Duba gefen da aka yanko, ko ya bar farin zare. Haske, inuwa, gefe. Nan idon gwani ke fara sauka. Ka fara da abin da ya yi kyau, sannan ka nuna wurin gyara, ka faɗi yadda za a gyara shi.

Abu ɗaya muke roƙo. Kada ku taɓa fuskar kowa sai da izininsa, kuma duk hoton da kuka gyara, ku rubuta a jikinsa cewa gyararre ne kafin ya shiga WhatsApp. Allah ya ƙara basira.