Akwatin Wasiƙu: Gado, Bashin Karatu da Sauran Tambayoyi

Wasiƙu sun taru, kusan duk a kan jami'a suke, lokaci kuma ba ya jira.

Ta farko daga wani dattijo ce a Funtuwa. 'Yarsa ta samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya kan inda za ta riƙa kwana. Baba, Allah ya sa albarka. Ku fara bincikar inda sashenta yake. In aikin lauya ko harkar mulki za ta karanta, harabar Kongo ta nufa. Yawancin sauran sassan suna Samaru, inda ɗakunan mata irin su Amina da Ribadu suke. Sai dai gado ba ya isar kowa. Tun 1962 jami'ar nan take, ɗalibai sun ninka sun sake ninkawa, ɗakunan kwana ba su ƙaru haka ba, kuma kusan duk jami'o'in gwamnati haka suke. Ranar da aka buɗe shafin neman gado a intanet, ta yi sammako. Kada ku yarda ku sayi gado a hannun wani ɗalibi, makaranta ta hana, in asiri ya tonu kuɗi sun tafi, gado ya tafi. In ba ta samu ba, ku je da ƙafarku ku ga ɗakin hayar: akwai ruwa? Ƙofar na kulluwa? Su wa ke maƙwabtaka da ita?

Ni dai a ra'ayina, shekarar farko gara yarinya ta zauna cikin makaranta, ko da cunkoso. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na kusa, asibiti na kusa. A nan kuma za ta koyi zama da Bayarabiya da 'yar Tibi, ta koyi bin layin famfo da asuba. Uwargida, a haɗa mata yaji da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ranar da aljihu ya bushe za ta yi muku addu'a.

Kai jama'a, bashin karatu na NELFUND kuma? Makon jiya mun amsa, na gabansa ma mun amsa. To, saboda mai tambaya daga Haɗeja: a 2024 aka fara shi, na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, kai kuma naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Ka tanadi lambar JAMB da NIN da BVN. Ba kuɗin ruwa a kansa, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma bashi ne, ɗana, ba kyauta ba. Don Allah ku rubuta ku ajiye.

Wani na tambaya ko malamai za su sake shiga yajin aiki. Na 2022 wata takwas ya ci, Allah kada ya maimaita mana. Mu wuce.

Wannan ta ƙarshe ta taɓa min zuciya. Ɗalibi ne ɗan aji biyu, ya faɗi kwasa-kwasai uku, ya ɓoye wa iyayensa, barci ya ƙaurace masa, abinci ma ba ya iya ci. Ɗana, ba kai ne farau ba, kuma jarrabawar da aka faɗi ana sake ta. Masana halayyar ɗan Adam na cewa damuwar da aka rufe a ciki ita ke zama ciwo. Gobe ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ku tsara yadda za ka sake kwasa-kwasan ba tare da ka ɗora wa kanka kaya ba. Ofishin harkokin ɗalibai yana da masu ba da shawara, rashin barcin kuma ka kai shi asibitin makaranta. Sannan ka gaya wa mahaifiyarka. Iyaye, ku ma in yaro ya kira, ku tambaye shi lafiyarsa kafin sakamako.

Lokaci ya cimma mana. Ɗana, ka sake rubuto mana, muna son jin yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.