Yadda A Ke Raba Gida Da Rina

Malam mai karatu, in rina ta yi gida a bakin jinkarka, ko a ƙarƙashin rumbu, ko a jikin azarar zaure, kada ka yi garajen ɗaukar sanda. Ka tsaya tukuna ka san abin da za ka yi faɗa da shi.

Ka dubi gidan da kyau daga nesa. In na laka ne, manne da bango, wannan na zanzaro ne, mai siririn ƙugun nan da a ke yi wa mai cusa riga cikin wando kirari da shi. Zanzaro shi kaɗai ya ke zamansa, ba shi da rundunar da za ta tsare gida, ba safai ya kan harbi mutum ba. Ka kankare lakar da wuƙa, magana ta ƙare. Amma in ka ga abu toka-toka kamar takarda yana reto, da ramuka jere irin na saƙar zuma, to, wannan shi ne gidan rina. Da itace ta ke yinsa. Ta kan kankaro busasshen itace da bakinta, ta tauna, ta cuɗa da miyau, ta yi ta ɗorawa kaɗan kaɗan. A kowane rami ta kan sa ƙwai ɗaya.

Abu uku ya kamata ka sani game da halinta. Ƙudan zuma in ya harbe ka, ƙarinsa ya kan maƙale a fata, shi kuwa ya mutu. Rina ba haka ta ke ba, ƙarinta sumul ne, ta harba ta zare ta sake harbi. Sa'an nan in ka taɓa ɗaya, ta kan saki wani wari wanda 'yan'uwanta su ke ji, su taso maka gaba ɗaya. Na uku kuwa shi ne inda rauninta ya ke: ba ta da hanci, ta waɗansu 'yan ƙofofi a gefen jikinta ta ke numfashi.

Kafin ka kashe su ka tambayi kanka, sun tsare maka hanya ne? Gama rina da tsutsa ta ke ciyad da 'ya'yanta, irin tsutsar nan mai cin ganyen amfanin gona. A 2016 wata muguwar tsutsar masara daga nahiyar Amurka ta ɓullo a Nijeriya, ta yi ɓarna mai yawa. A 2019 waɗansu masana suka ba da labarin gwajin da suka yi a Burazil, inda suka ga rinar ƙasar tana farautar wannan tsutsa a jikin masara. Saboda haka gidan da ke can ƙarshen gona a kan reshe, ni dai a ganina, ka bar shi, ɗan ƙodago ne wanda ba ka biya. Wanda ya ke bakin ƙofa, inda yara ke wasa, shi ne ba a bari.

Mutane da yawa wuta su ke sa masa. Su ɗaure busasshiyar ciyawa a kan gora, su kunna, su kai. Lalle wuta tana kashe rina, amma jinka ba ta san da rina a ke faɗa ba. Tartsatsi guda ya isa ya cinye ɗaki, in da iskar hunturu kuwa har da na maƙwabta. Wanda ya watsa fetur ya fi wannan wauta, domin tururinsa kaɗai yana kama wuta daga nesa. Hayaƙi ya kan kore su, amma in ya wuce su komo. Akwai kuma masu rataye buhun takarda wai rina ta zaci gidan wata ne ta guje. Kada ka dogara da wannan.

Ga dabara mai sauƙi. Ka sami rabin bokitin ruwa, ka zuba garin sabulun wanki kamar cikin hannu biyu, ka dama har ya narke sarai. Ruwa zalla zamewa ya ke yi daga jikin rina, kamar yadda ya ke yi a bayan agwagwa. Sabulu shi ke sa ya kama jikin, ya jiƙa fikafikan ta kasa tashi, ya shiga ƙofofin nan na numfashi ya toshe. In kana da famfon feshi na gona, ka wanke shi ka yi da shi. In babu, ƙwarya mai faɗin baki ta isa, ka watsa gaba ɗaya yadda gidan zai jiƙe sharkaf tun a karo na fari.

Lokacin yi shi ne da dare ko da sanyin asuba, sa'ad da duk suka taru a gida, jikinsu ya yi nauyi. Ka shigar da yara ɗaka, ka kau da dabbobi. Ka sa riga mai kauri mai dogon hannu, da wando, da takalmi, ka naɗe wuya da fuska da rawani. Kada ka riƙe fitila a hannu, gama wajen haske su ke nufa. Ka ajiye ta a ƙasa can gefe. Ka share hanyar da za ka bi ka ja da baya. Kada ka hau tsani, mutane su kan karye wajen gudun harbi. In akwai wayar lantarki kusa da gidan, ban da ruwa, ka nemi masu wannan sana'a. Haka kuma in gidan ya girma ainun, ko yana cikin kogon itace ko ramin bango inda ba ka ganinsa.

Gari ya waye, ka duba. In babu mai motsi, ka kaɓo gidan da gora, ka murƙushe, ka binne, domin 'ya'yan da ke ciki suna iya ƙyanƙyashewa. Ka kankare gindin da ya ke manne. Daga nan ka riƙa zagayawa kana duba bakin jinka a kai a kai. Sabon gida mai 'yan ramuka, uwa ɗaya ko biyu a kai, ba shi da wuyar kaɓewa.

In an harbe ka, ka bar wurin nan da nan, ka wanke da sabulu, ka ɗora tsumma mai ruwan sanyi. Zafi da kumburi a wurin harbin ba abin tsoro ba ne, cikin 'yan kwanaki za su sauka. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar dafin ko kaɗan. In ka ga leɓe ko harshe ko fuska sun kumbura, ko ƙuraje sun feso a jiki duka, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, kada a tsaya neman magani a gida, a kai shi asibiti maza, akwai allurar da a ke yi mai suna adiranalin, amma tana son gaggawa. Haka wanda aka harba a cikin baki, da wanda suka taru a kansa da yawa, domin dafi mai yawa yana taɓa ƙoda. Wanda ya taɓa yin irin wannan kumburi, kada ya je kusa da gidan rina, ya sa wani ya yi masa aikin.