Darasi: Zaman Jiran Sunan Jami'a Bayan An Gama Difloma



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani zama ne da ake yi a gidaje da dama a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Ba ciwo ba ne balle a tafi asibiti, ba kuma rasuwa ba ce balle maƙwabta su shigo gaisuwa, amma yana ramar da yarinya, yana hana uwa barci. Ina nufin zaman jiran fitowar suna, bayan ɗiyarki, ko ɗanki, ko ke kanki uwargida, an gama difloma ko NCE an nemi wucewa jami'a.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne ɗiyar ƙanwata ta yi irin wannan zama a gidana har wata bakwai. Kafin kiran assalatu wayarta na hannunta, bayan isha'i ma tana hannunta. In na tambaye ta sai ta ce, "Inna, har yau ba su saki ba." Ni kuwa ba abin da na iya sai "ki yi haƙuri". Daga baya ne muka gano takardarta ba ta ma shiga layi ba, saboda yaron kafe da ya yi mata rajista bai ɗora sakamakon jarabawarta ta sakandare ba. Wata huɗu muna haƙuri a kan abin da minti goma za su gyara. Tun daga ranar na ƙudurta cewa ya kamata uwa ta san hanyar da takardar ɗiyarta ke bi, ko da ita ba ta yi boko mai zurfi ba.

Ƙofar da ake bi

Shiga jami'a a Nijeriya ƙofa biyu gare shi, dukansu kuma a hannun hukumar JAMB suke, wadda aka kafa a 1978. Ƙofa ta farko ita ce jarabawar da 'yan sakandare ke rubutawa su shiga aji ɗaya. Ta biyu ita ce wadda yara ke kira DE, watau shiga kai tsaye, inda mai difloma ta ND, ko NCE, ko IJMB, ke neman a ɗauke ta a aji biyu. Da dama daga cikin 'ya'yanmu na wannan yanki ta ƙofa ta biyun suke bi, kuma dalilin a fili yake. Foliteknik ta Tarayya tana nan Kaura Namoda tun 1983, kusa da gida, uba ya fi sakin jiki ya bar ɗiya ta yi shekara biyu a inda zai iya leƙa ta. Akwai kwalejin ilimi ta Maru, akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke Gusau wadda mata zalla take ɗauka. In an gama, sai ido ya koma Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Bayero a Kano.

To ga abu na farko da za ki riƙe. Aji biyun da ɗiyarki ke nema ba fanko ba ne, waɗanda suka hauro daga aji ɗaya sun riga sun cika yawancin kujerun, kuma kowane sashe yana da iyakar adadin da aka yarda ya ɗauka. Saboda haka gurbin 'yan DE kaɗan ne, kuma sau da yawa sai an gama da 'yan aji ɗaya ake waiwayarsu. Idan kin ji ɗiyar maƙwabciya da ta gama sakandare bara sunanta ya fito, taki da ta riga ta da shekara uku tana zaune, kada ki ce an ƙi ta. Layinsu ne ba ɗaya ba.

Inda takarda ke tsayawa

Tun 2017 JAMB ta fito da wani tsari na intanet da ake kira CAPS, kuma ta nan kaɗai gurbin karatu ke tabbata. Hannu uku ne ke taɓa maganar. Jami'a ce ke zaɓar waɗanda take so ta tura sunayensu. JAMB ta duba ta amince. Sannan ɗalibar da kanta ta shiga shafinta ta danna cewa ta karɓa. Ko ɗaya daga cikin ukun ya tsaya, magana ta tsaya.

Ga 'yan DE akwai ƙarin wani mataki. Bayan an yi ta kama takardun jabu, hukumar ta tsananta bincike, ana tuntuɓar makarantar da ta ba da diflomar ta tabbatar da cewa tata ce. Muddin wannan tabbaci bai iso ba, sunan ba zai motsa ba, ko da yarinya ta fi kowa maki. Haka nan tun 2021 sai da lambar katin ɗan ƙasa ake rajista. A nan ne mu mutanen karkara muke yawan faɗawa rami: a takardar sakandare an rubuta Aisha, a katin ɗan ƙasa A'ishatu, a difloma kuma an sa sunan kaka a madadin na uba, ranar haihuwa kowace takarda da tata. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ce ba.

Don haka, 'yar uwa, maimakon tambayar kullum ta "ya fito?", wadda ba ta ƙara komai sai bugun zuciya, ki zaunar da ita rana ɗaya ki yi mata tambayoyin da ke da amsa. Sakamakon sakandare yana kan shafin, kin gani da idonki? Makarantarku ta aika da tabbacin diflomar? Jami'ar ta buɗe nata fom na tantancewa, kin cike? Makin da kika fita da shi ya kai wanda sashen ke nema? Wannan ta ƙarshen tana da ɗaci amma gara a yi ta da wuri, domin wasu sassa ba sa duban mai ƙaramin kiredit, wasu kuma suna karɓa. In makin bai kai ba, JAMB ta ba da damar canza jami'a ko canza fanni a kan kuɗi ƙayyadadde. Gara a canza a watan farko da a yi shekara ana jiran gawon shanu.

Sai maganar waya, wadda ta fi damun mutanen Zurmi da Shinkafi. Duk mun tuna watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa fita wajen jiha don su buga waya kawai. Ko ba a rufe ba, kun san halin sabis a garuruwanmu. Alhali gurbin da aka ba ɗaliba yana da wa'adin karɓa, in ta bari ya wuce ana iya ba wata. Shawarata a nan ita ce a samu wani amintacce cikin dangi a Gusau ko Sakkwato, a ba shi bayanan shiga shafin, ya riƙa dubawa sau biyu a mako. Layin da aka yi rajista da shi a adana shi kamar takardar fili. Kada a yarda ɗan kafe ya sa lambarsa ko imel ɗinsa, domin ranar da ya rufe shago ya tafi ci-rani, ya tafi da mabuɗin ɗiyarki.

Akwai kuma jinkirin da ba laifin kowa a gida ba. Malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, abin da ya hargitsa jadawalin jami'o'i da dama har ɗiban ɗalibai ya riƙa hawa kan juna. Irin wannan kam ba mu da abin yi a kansa sai addu'a.

Masu cewa suna da hanya

Duk inda aka daɗe ana jira, macuta na kewayawa. Za a zo a ce wa maigida, "Alhaji, akwai wani nawa a ofishin, a kawo kaza suna ya fita a lis na gaba." Wata uwar awarwaronta take sayarwa a ɓoye. Ku sani, gurbin da bai bi ta CAPS ba hukuma ba ta san da shi ba. Ana iya ba yarinya takarda mai hatimi, ta shiga aji, ta yi shekara uku, ranar tafiya bautar ƙasa a ce sunanta ba ya cikin rajistar JAMB. Neman wani malami ya duba muku inda takarda ta maƙale ba laifi ba ne, wannan taimako ne. Amma wanda ya fara da faɗin farashi, ku rufe ƙofa.

Zaman cikin gida

Nan ne nake so in ɗan tsaya, domin nan ne aikinmu na iyaye mata. Yarinyar da ta yi shekara biyu tana fita lacca, tana da ƙawaye, tana da abin yi, ta dawo ɗaki ta zauna ba ranar tashi. Duk bikin da ta je sai an tambaye ta. Gwaggo ta ce, "Ke har yanzu kina gida?" Kishiyar uwa ta yi habaici a bakin murhu. Mu kanmu in rai ya ɓaci mukan ce, "Karatun da aka ƙi aure dominsa ke nan?" Wallahi wannan kalma tana zama a zuciya fiye da yadda muke zato. Ki lura da ita: in ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta daina shiga mutane, tana kuka ba dalili har makonni suka shuɗe, kada a tsaya a kan cewa shagwaɓa ce. A kai ta ta ga likita.

Maganar aure kuwa ba na cewa a jinkirta, ba na kuma cewa a gaggauta, kowane gida da halinsa. Abin da na ƙi shi ne a yanke ta cikin fushin jira. In akwai manemi, a zauna da shi da magabatansa tun sunan bai fito ba, a yi magana a fili: in ya fito wata biyu bayan ɗaurin aure, za ta tafi? Wa zai biya kuɗin makaranta? A ina za ta zauna? Na ga amaryar da sunanta ya fito tana cikin lalle, kuma da yake ba a taɓa zancen ba, gurbin ya wuce tana kallo.

Tambayar wurin zama ba ƙarama ba ce a yau. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da ɗalibai mata. Watannin jira su ne lokacin da za a nemi bayanin ɗakunan kwana na cikin makaranta, ko a daidaita da wani gidan dangi, ba sai ranar da aka ce a zo rajista cikin mako biyu ba.

Wata dabara da na so a ce na sani da wuri: mai ND ba a ɗaukarta babbar difloma ta HND sai ta yi shekara ɗaya ta koyon aiki a wata ma'aikata. To me zai hana ta fara wannan shekarar tun ranar da ta cike fom ɗin DE? In sunan jami'a ya fito, ta tafi abinta. In bai fito ba, shekarar ba ta faɗi ƙasa ba, ƙofar HND a buɗe take. Kuma yarinyar da ke fita da safe ta dawo da yamma a gajiye ba ta da lokacin duba waya sau hamsin. A riƙa lissafa shekaru ma, domin wadda ta haura 30 kafin ta kammala ba ta zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba ta.

Ke kuma uwargida da kike cikin jami'a, aka yi wa maigida canjin wurin aiki kina neman a mayar da ke wata jami'ar, naki ya ɗan bambanta. Sai jami'ar da kike ciki ta sake ki ta aika da sakamakonki, waccan kuma ta ga akwai gurbi ta amince, kuma ana iya mayar da ke baya da aji ɗaya. Kada ki daina shiga aji ko ki ƙi yin rajista a inda kike don an ce miki "an kusa". In zaman ba zai yiwu ba, ki rubuta takardar neman ɗage karatu a hukumance, ki riƙe kwafinki.

Ita ɗiyar ƙanwar tawa, bayan an gyara takardar, sunanta ya fito a jeri na uku, amma ba a fannin da ta nema ba. Daren nan mun zauna ni da ita da mahaifinta a waya, fitila ɗaya, caji saura kaɗan. Shi yana cewa a jira baɗi a sake nema, ita tana cewa ba za ta iya wani zaman ba. Na ce ta yi istihara mu kwana a kai. Da gari ya waye ta hau soron maƙwabta inda sabis ke kamawa, ta danna karɓa.